Daga Agege na nemi aikin hunturun bana

Mu masu aikin fisiyo, wato gashin ƙashi, na yawo a Amurka, da zarar watan Oktoba ya raba tsakiya to hankalin kowa ya koma kan abu ɗaya, a ina zan yi hunturu. Aikin namu ba na zama wuri ɗaya bane, kamfanin dillancin ma'aikatan lafiya ne zai ɗauke ka ya tura ka asibitin da yake da giɓi, yawanci kwantiragin sati 13, wata uku kenan, in ya ƙare ko su ƙara maka ko ka naɗe tabarmarka ka yi gaba. Lokacin zafi babu wani dogon tunani, duk inda aka jefa ka zaka rayu. Amma daga Disamba zuwa Maris ƙasar rabuwa take gida biyu, arewa dusar ƙanƙara har gwiwa, kudu kuma mutane suna yawonsu da riga mai gajeren hannu, kuma kowa kudun yake hari.

Wannan karon sai abin ya zo min a karkace, bikin ƙanwata ya kawo mu gida ni da maiɗakina da yara tun ƙarshen Nuwamba, don haka duk neman aikin da cike-ciken takardun a Agege na yi su, a ɗakin sama na gidan Baba, daga ni sai waya sai laptop sai janareta. Ƙannenmu masu aikin fisiyo na asibitocin Idi-Araba da Igbobi da muka haɗu wajen ɗaurin aure sun tsare ni da tambayoyi har shinkafata ta huce, shine nace musu ku bari zan rubuta yadda aka yi, kowa ya karanta a nutse.

Amma kar wani ya ɗauka daga Legas ake tsallakawa kai tsaye a fara yawon jihohi. Akwai doguwar hanya kafin nan. Sai hukumar FCCPT ko makamanciyarta ta tantance karatunka darasi bayan darasi, kuma da wuya a ce maka komai ya cika, sai ka yi cikon wasu kwasa-kwasan. Sai jarabawar turanci ta TOEFL, eh duk da turancin da muka sha tun firamare ba a ɗauke mana ita ba, kuma ɓangaren magana ne yake kayar da mutane. Sannan babbar jarabawar samun lasisi, NPTE, wadda ake zanawa sau huɗu a shekara, Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, maki 600 cikin 800 ake nema, kuma sau 6 kacal aka yarda mutum ya gwada a rayuwarsa. Abin da ya ɗan sauƙaƙa mana shine gwamnatinsu ta sa masu fisiyo da nas-nas cikin jerin ayyukan da suke da ƙarancin ma'aikata, wanda ake kira Schedule A. Yawon kuma sai kana da katin zaman dindindin a hannu zaka ji daɗinsa, domin bizar aiki ɗaure ka take da kamfani ɗaya. Wannan duk labarin wata rana ne.

Abu na farko da na duba ba yanayin gari bane, lasisi ne. A Amurka kowace jiha da lasisinta, na Teksas ba zai ba ka damar taɓa gwiwar kowa a Kalifoniya ba. Ga wanda ya yi karatu a can wannan ƙaramar wahala ce, ya cike fom ya biya ya jira. Mu da muka yi digiri a gida kuwa, kowace sabuwar jiha na iya cewa a sake turo mata rahoton tantance karatu, wani lokacin har a koma ana bin jami'ar da ka gama da roƙo su aika sakamako, kuma duk wanda ya taɓa bin fayil ɗinsa ofis-ofis a jami'a ya san abin da nake nufi, sai an ce maka mai makullin ɗakin ya tafi ta'aziyya. Abin da ya cece mu shine yarjejeniyar da jihohi da dama suka shiga, PT Compact, wadda ta fara aiki a 2018. In gidanka na cikin jihar da ta shiga kuma lasisinka ba tabo, kawai shafinsu zaka shiga ka sayi izinin aiki a wata jihar, dala 45 na hukumar sai abin da ita jihar ta ɗora, wasu kuma sai ka fara cin 'yar jarabawar dokokinsu. Gidana a Houston yake, Teksas kuma tana ciki, Arizona ma tana ciki. Abin lura ɗaya, ranar da lasisinka na gida ya mutu ranar izinin shima ya mutu, don haka sai da na tabbatar na cike makin ƙarin ilimi 30 da Teksas take nema duk shekara biyu.

Wannan kaɗai ya zubar min da wurare biyu da kowa yake mafarki. Kalifoniya ba ta cikin yarjejeniyar, lasisinta yana cin watanni, ga harajinsu da tsadar haya, San Diego dai sai kallo a hoto. Fulorida ma a lokacin da nake lissafin sai na nemi nasu lasisin daban, kuma ba abu bane da zan iya bi daga Agege cikin sati uku ana hidimar biki. Nayi ɗan takaici don Fulorida ba a cire harajin jiha a albashi, kamar Teksas, kuma guguwarsu tana lafawa ƙarshen Nuwamba, ga tsofaffi cike da gari. Amma abokina da ya yi hunturu biyu a wajen Tampa yace min kar ka damu, kuɗin da ka tsira da shi daga haraji mai gidan haya ne zai karɓe.

Dillalaina biyu ne, mace da namiji, kamfani daban-daban, kuma ina ba kowa shawara kar ya tsaya da ɗaya, in suka san akwai kishiya sun fi motsi. Suka fara turo min jerin guraben aiki ta WhatsApp. Abin da zaka fara gani shine duk inda rana take kuɗin ƙasa yake. Wani asibiti a wajen Phoenix ta Arizona dala 1,850 a sati, kuma kafin in gama karantawa an ce mutum goma sun riga sun miƙa takardu. Wani ƙaramin gari a Dakota ta Arewa dala 2,500, an yi sati uku ana cigiya ba wanda ya ɗaga hannu. Ina zaune a ƙofar gida da yamma ina ta wannan ƙorafin Kawu yana ji, shi tun ina yaro yake harkar gwari a Mile 12, sai ya yi dariya yace, "To Likita, wannan ne ya dame ka? Ran da tirelolin Kano da Zariya da Jos suka shigo kasuwa tare, kwandon tumatir sai yadda mai saye ya ga dama. Wanda ya kai nasa inda babu, shi yake yanka farashi. Ku ne kuka yi yawa a inda ranar take." Nace Kawu wallahi haka ne, sai dai inda babun ne ba a iya fita waje.

Kuma gaskiya 2,500 ɗin nan ta ja ni, na kwana ina juya ta zuwa naira. Amma na taɓa yin hunturu a Nebraska ina bin marasa lafiya gida-gida, na san abin. Ka tashi da asuba gari baƙi ƙirin, ka fito ka tarar gilashin mota ya daskare sai ka sa abin kankara kana gurza hannunka na zugi ta cikin safa biyu, ka tuƙa a hankali a kan titin da ya zama santsi zalla, ka isa gidan tsohuwa ka tarar ba a share mata hanyar shiga ba, kai da ka zo koya mata tafiya kai ne kake dafa bango. Ƙarfe biyar na yamma kuma duhu ya rufa. A Dakota abin ya fi haka, digiri 18 ƙasa da sifili da dare a Janairu ba labari bane, har wayar lantarki suke jona wa injin mota ya kwana da ɗumi don ya tashi da safe. Aiki kam akwai shi, mutane na zamewa a ƙanƙara suna karya wuyan hannu da ƙugu, amma ranar da aka yi guguwar dusa marasa lafiya ba sa zuwa, in kwantiraginka bai ɗaure awanninka ba to ranar ta tafi a banza. Da na gaya wa Hajiya ana jona mota da wuta don kar ta daskare, cewa ta yi, "Motar ma kenan, ina ga ɗan mutum? Ban yarda ba." Maiɗakina kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba daga lallen da ake mata, tace in na tafi can kar in sa ran zata kawo min yara hutu.

Akwai masu son irin wannan wurin fa, kar a ce na kushe. Turawa matasa abokan aikinmu rububin Kolorado da Yuta suke, garuruwan wasan zamiya kan dusa irin Vail da Park City, su yi aiki kwana huɗu suna gyaran jijiyar gwiwar waɗanda suka faɗo daga dutse, sauran kwana ukun su ma su hau dutsen. Allah ya ba da sa'a. Ni ɗan Agege ban ga abin da zai kai ni ba.

Na duba kudancin Teksas, wajen McAllen da Harlingen da Brownsville, bakin iyakar Meziko. Lasisina na gida ya wadatar, haya da araha, tsofaffi daga arewa suna sauka can da manyan motocinsu masu ɗaki da bayi a ciki, kuma tuƙin yini ɗaya zai kai ni wajen iyali. Matsalar yare ce, yawancin marasa lafiyar Sifaniyanci suke ji, tsohuwa zata yi ta maka bayanin inda yake mata ciwo kai kuma kana ta murmushi, ni kuwa abin da na iya bai wuce ɗaga ƙafa, lanƙwasa, akwai zafi ba. Aikinmu rabinsa hira ce, in ba ka ji labarin ciwon da kyau ba to lalube kake. Kuma Teksas ɗin ma ba a cika mata baki, a Fabrairun 2021 sanyi ya sauko ya durƙusar da wutar jihar kwana da kwanaki, bututun ruwa suka farfashe, mutum sama da 200 suka rasu. Ina Houston a lokacin, da bargo uku da kyandir, na ga Bature yana neman inda zai yi cajin waya.

Sai ya rage Arizona, ita ma kala-kala ce. Phoenix ce kowa ya sani, da rana a Janairu wajen digiri 19 zuwa 20, sararin sama tas, ga unguwannin tsofaffi zalla irin Sun City da aka buɗe tun 1960, inda sai mai shekara 55 zuwa sama yake zama. Da zafi kuwa garin ba ya zaunuwa, a 2023 sun jera kwana 31 zafi yana kai digiri 43 ko fiye, shi ya sa lokacin kuɗin aiki yake tashi, hunturu na zuwa ya faɗi. Ga wasannin share fagen ƙwallon besbol da ake yi a can Fabrairu da Maris, suna ƙara cika gari haya ta ƙara hawa. Yuma kuma can ƙurya ce kusa da iyaka, garin da ya yi suna wajen yawan rana a duniya, daga gonakinsu yawancin latas ɗin da Amurka take ci da hunturu yake fitowa, asibitocinsu suna cika maƙil in tsofaffin sun sauko, kuɗin ma ba laifi. Abin da ya sa na ja baya shine azumi zai faɗo a tsakiyar kwantiragin nan, ina son inda zan samu jama'a sosai, in yi tarawi cikin sahu, in samu mahauci mai yanka na halal ba sai na yi tuƙin awa uku ba.

Ana haka sai dillaliyar ta turo wani gurbi a Green Valley, kudu da Tucson da kamar kilomita 40, gari ne na 'yan fansho. Asibitin sha-ka-tafi ne, ba kwanciya, dala 2,050 a sati. Irin marasa lafiyar na san su tun kafin in gan su, dattawa daga Minesota da Mishigan da Kanada da suka gudo wa sanyi, wanda aka canza wa gwiwa, wanda aka canza wa ƙugu, mai ciwon kafaɗa saboda wasan golf, mai jiri da yawan faɗuwa, mai fama da bayan shanyewar ɓarin jiki. Janairu ma lokacin cikowa ne, domin mutane da yawa suna rububin yin tiyata a ƙarshen shekara kafin lissafin inshorarsu ya koma sabo, sai su zubo mana gaba ɗaya bayan sabuwar shekara. Tucson kuma akwai babban masallaci dab da Jami'ar Arizona, ɗalibai daga ko'ina, akwai shagunan Larabawa da na 'yan Afirka. Nace mata ki miƙa takarduna yanzu yanzu, kar ki jira safiya.

Lissafin kuɗin nan yana buƙatar a tsaya a kansa don nan ne ake yi wa sababbi wayo. Albashin mai yawo kashi biyu ne, akwai kuɗin awa wanda ake cire wa haraji, shi ɗan kaɗan ne, sai alawus na masauki da abinci wanda ba a taɓawa, kuma shine mai tsoka. Amma hukumar harajinsu, IRS, ba ta yarda ka ci wannan alawus ɗin haka kawai ba, sai in da gaske kana da gida a wani wuri da kake biya wa haya ko bashi, wato kana kashe kuɗin muhalli sau biyu. Ni iyalina suna Houston, haya na fita duk wata da sunana, don haka ba ni da fargaba. Waɗanda suke rubuta adireshin wani ɗan uwa alhali ba sa biyan ko sisi, ranar da aka bincike su zasu amayar da abin da suka ci. Haka kuma ba a so ka wuce shekara ɗaya a yanki ɗaya, in ka wuce to nan ya zama gidanka a wajensu. Akwai kuma jadawalin gwamnati na GSA da ya ƙayyade iyakar alawus na kowane gari, har da yadda yake hawa a watannin da baƙi suke cika wuri, kullum ina buɗe shi in kwatanta da abin da dillali ya ce. Da na cire haya da mai da harajin Arizona, wanda kashi 2.5 ne bai ɗaya, na ga tazarar da ke tsakanin Green Valley da Dakota ta ragu sosai in aka sa tayoyin dusa da rigunan sanyi da tikitin jirgi duk lokacin da zan leƙa yara.

Intabiyu ta waya ake yi, kuma Arizona tana bayan Legas da awa takwas, su ba sa ma canza agogo kamar sauran jihohi. Manajar tace zata kira ƙarfe ɗaya na ranarsu, tara na dare kenan a nan, kuma daren ya dace da kamu. Gidan ya cika da mata, mai DJ ya ƙure sauti, ba wuta, janareton maƙwabta uku suna gasa. Na karɓi makullin motar Yaya na gangara da ita can wajen gadar Pen Cinema na samu gefe na faka, na ɗage gilasai, ba AC don man ya kusa ƙarewa, gumi yana bin bayana cikin shadda. Tana tambayata yadda nake bi da wanda aka yi wa tiyatar kafaɗa a sati shidan farko, wani ɗan acaba yana ƙwanƙwasa gilashi wai na tare masa hanya, ina masa alama da hannu ya yi haƙuri ina ci gaba da turanci. Can tace tana jin hon da yawa, ina nake ne? Nace Legas, bikin ƙanwata. Sai ta saki jiki, rabin hirar ta koma kan mutum nawa ake gayyata biki a wajenmu, da nace ba a ƙirgawa ta yi ta dariya.

Ni ma na yi nawa tambayoyin, don intabiyun mai yawo kai ma tantance su kake. Mutum nawa zan gani a rana, tace 12 zuwa 14, wannan daidai ne, akwai wuraren da zasu jibga maka 20 su bar ka da rubutun rahoto har dare ba ko kwabo. Minti nawa ake ba sabon mara lafiya, mataimaka nawa zan sa wa hannu, wace manhaja suke rubutu da ita, me ya sa gurbin ya buɗe. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, in aka ce ma'aikaciyar ce ta tafi haihuwa ko baƙin hunturu ne suka yi yawa to lafiya, in aka fara kame-kame to wuri ne da mutane suke gudu. Sannan na kawo maganar Juma'a, ban ɓoye ba, nace ina buƙatar fita da rana. Muka daidaita zan riƙa shigowa da wuri sauran ranaku, Juma'a in tashi sha biyu. Washegari na sa dillaliyar ta rubuta shi cikin kwantiragi, tare da awa 40 tabbatattu ko marasa lafiya sun zo ko basu zo ba, da notis na kwana 30 in zasu soke. Da farko 14 suka rubuta, na ƙi, domin mai gidan haya ba ruwansa da an soke maka aiki.

Gidan hayar ne ma ya fi komai cin raina. Tucson tana da babban bajekolin duwatsu masu daraja da ake yi ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, 'yan kasuwa daga duk duniya, har mutanenmu masu harkar duwatsu suna zuwa, don haka ɗaki mai kaya a ciki wuta yake. Na shiga Furnished Finder, inda ma'aikatan lafiya masu yawo suke neman masauki, na tura saƙo wurare da yawa, shiru. Layina na can ya ƙi karɓar saƙo a nan, sai nake bin su da layin gida, kuma kowa ya ga lambar da ta fara da 234 ana masa maganar haya da tura kuɗi, kun san abin da zai zo masa a rai. Abin haushi abin dariya, a daidai lokacin ne wani a wani zauren Facebook ya turo min hotunan gida mai kyau da wurin wanka a rabin farashi, wai shi yana aikin agaji a ƙasar waje, in tura kafin alƙalami ta katin kyauta zai aiko min da makulli. Nace bawan Allah, daga Legas fa nake maka magana.

Daga ƙarshe wata dattijuwa a Sahuarita, tsakanin Tucson da wurin aikin, ta amsa. Tana da ɗan ƙaramin gida a bayan nata, ɗaki da kicin da bayi, dala 1,500 a wata har wuta da ruwa da intanet. Tace sai mun yi kiran bidiyo ta ga fuskata. Na tura mata lambar lasisina nace ta duba a shafin hukumar Teksas, kowa na iya dubawa, da takardar kwantiragin, da lambar matar da na zauna a gidanta a aikin baya. Muna cikin bidiyon ragon da aka ɗaure a tsakar gida ya yi kuka, ta tambaya sunansa, ban gaya mata gobe za a yanka shi ba. Ta zagaya da ni da wayarta har cikin kicin, nace ta buɗe famfo ta kunna hita in gani, domin Tucson tudu ce, da rana daɗi amma da dare sanyi yana sauka har ruwa ya daskare wani lokacin. Kafin alƙalamin ma ban tura daga nan ba, wani abokina a Houston ne ya biya ta banki na mayar masa.

Sauran tarkacen takardu ne. Katin taimakon gaggawa na BLS, shekara biyu yake yi, nawa da saura. Shaidar allurar mura ta bana, na yi kafin mu taho. Gwajin tarin fuka, nan kuma duk wanda aka yi wa lamba a dantse yana jariri, wato BCG, ya nemi a yi masa na jini, na fata yana iya nuna akwai alhali babu, sai a tura ka hoton ƙirji a ɓata maka sati. Binciken ko kana da laifi, wannan su suke yi. Gwajin fitsari na ƙwaya ne kaɗai ba yadda za a yi daga Legas, sai a ɗakin gwajin da suka zaɓa kuma cikin 'yan kwanaki da ba da umarni, don haka nace kar su buɗe shi sai na sauka. Izinin Arizona kuwa da daddare na saye shi lokacin da netwok ya ɗan saki, sai da katin bankina ya ƙi sau da yawa saboda sun ga ana amfani da shi daga Najeriya, na kira su na rantse ni ne, sannan ya wuce.

Abu ɗaya da dillali ba zai gaya maka ba game da Arizona shine zazzaɓin da suke kira Valley fever, wato zazzaɓin kwari. Ƙwayar fangas ce a cikin ƙasar hamadar, iska ta tayar da ƙura ka shaƙa, yawancin masu kamuwa da shi a Amurka a jihar suke. Mutane da yawa ko sani ba sa yi ya wuce, amma baƙar fata muna cikin waɗanda ya fi yi wa mugun kamu har ya fita daga huhu ya shiga ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Don haka ran da aka yi guguwar ƙura ina ɗaki, in tari ya wuce sati biyu kuma zan ce a gwada ni, ba zan tsaya ina cewa maleriyar gida ce ta biyo ni ba. Azumin kuma na duba, wajen awa 13, kusan daidai da na Legas, ba zafi ba gumi.

Zan fara aiki Litinin ta farko a Janairu. In mun sauka Houston zan yi gwajin fitsarin, a duba min mota, sannan in kama babbar hanyar I-10 yamma, wajen kilomita 1,700, ya kai Legas zuwa Maiduguri, kuma fiye da rabinsa duk cikin Teksas ne, zan kwana a El Paso. Akwai shingen jami'an kan iyaka a hanyoyin yankin, katin zama yana aljihun gaba. Hanyar da zan riƙa bi zuwa aiki kuma, I-19, allunanta da kilomita aka rubuta su ba mil ba, abin da ba kasafai ake gani a ƙasar ba. Hajiya ta riga ta haɗa kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, kilishin da Baba ya sa aka kawo ne na ce a raba wa yara a nan, nama ba ya wuce kwastan ɗinsu kuma tarar ba ta wasa bace. Kwantiragin zai ƙare farkon Afrilu, daidai lokacin da dattawan suke loda motocinsu su koma arewa, dillalin ɗayan har ya fara turo min guraben Oregon da Washington, nace masa ya bari a sha ruwa tukuna.